Gajeren itacen fir a ƙaramin lambu: zai tsaya inda aka dasa shi?

Tambaya: Malam, ina da ɗan lambu a bayan gida, bai wuce mita uku da huɗu ba. An ba ni wani ɗan itacen ado a tukunya, an rubuta Abies koreana a jikin takardarsa, an ce gajeren iri ne. Tsorona kada ya girma ya cinye wurin. Yaya zan dasa shi, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Malama, fara da sake duba takardar nan. Abies koreana sunan asalin itacen ne, ɗaya daga cikin dangin Abies da Turawa ke kira fir, masu siraran ganye kamar allura, wanda ke fitowa a duwatsun Koriya ta Kudu, har da tsibirin Jeju, kuma shi idan ya samu wuri yakan haura mita goma. Gajerun irinsa suna da ƙarin suna a bayan wannan, kamar 'Kohout's Icebreaker' ko 'Cis'. Idan babu ƙarin suna, ki ɗauka babba aka ba ki, yaro ne kawai tukuna.

Sannan gajarta a wajen waɗannan itatuwa ba tana nufin sun daina girma ba ne, jinkiri suke yi. Masu harkar suna kiran iri gajere idan yana ƙara tsawon santimita 2.5 zuwa 15 a shekara, wanda bai kai haka ba kuma mitsitsi ne. Tsawon da ake rubutawa a takarda yawanci na shekara goma ne, ba iyakarsa ba. Nan mutane suke faɗawa. Misali 'Silberlocke', mai ganyen da ke lanƙwasowa sama yana nuna farin cikinsa kamar azurfa, kyakkyawa ne ƙwarai, amma a hankali a hankali sai ya wuce tsawon mutum. A fili irin naki ni da wani gajeren fir mai suna Abies balsamea 'Nana' zan zaɓa, wanda ke dunƙulewa kamar matashi, da wuya ya kai mita guda.

Amma gaskiya girma ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin da ya fi kashe fir zafi ne da kwanciyar ruwa. Itacen duwatsu masu sanyi ne, yana bukatar hunturu na gaske da zai huta a cikinsa. Inda dare ke kwana da zafi wata da watanni, komai kulawarki zai yi ta ramewa. Abies concolor ya fi sauran jure fari da ɗumi, wasu masu rainon itace kuma suna aura gajerun iri, wato su haɗa reshensu ya manne, a kan saiwar Abies firma ta Japan don ta fi jure zafi da laima. Duk da haka dabara ce, ba ta mayar da shi ɗan ƙasar zafi.

Wajen dasawa, ki haƙa rami mai faɗin tukunyar sau biyu, amma kada ya fi ta zurfi. Wuyan itacen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Idan ƙasarki laka ce mai riƙe ruwa, ki yi masa ɗan tudu ki dasa a kai, domin a jiƙaƙƙiyar ƙasa ne cutar ruɓewar saiwa take kama shi, kuma kafin ganye ya nuna alama aikin gama ya gama. Yana son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH, saboda haka kada ki zuba masa toka, don toka rage tsami take yi. Ranar safe da inuwar la'asar sun fi masa, kuma ki nisanta shi da bangon da ke ɗaukar zafi. Ki baza ɓawon itace a gindinsa ba tare da ya taɓa jikinsa ba. Ban ruwa a shekaru biyun farko: ki jiƙa sosai, ki jira saman ƙasa ya ɗan sha iska kafin ki sake.

Taki kaɗan ya ishe shi. Almakashi ma ki ajiye, don tsohon reshen da aka datse har inda babu ganye ba kasafai yake tohowa ba. Wuri ɗaya kawai za ki yanka ba tausayi: idan kika ga wani reshe ya zabura, ya fi 'yan'uwansa tsawo da kauri, to ya koma halin iyayensa ne. Ki cire shi daga tushensa tun yana ƙarami, in ba haka ba cikin 'yan shekaru shi zai zama itacen.