Yaya, ga amsar tambayarki kan yaranmu na Ingila

Salam Yaya, ina yini, ya gida ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Na saurari saƙon muryarki, na so in mayar miki da murya sai na ga maganar da yawa gara in rubuta ki ajiye, ki nuna wa 'yar taki ma tunda ita ce mai tahowa da yara uku ta samu mijinta. Tambaya biyu kika haɗa, ya za su yi da makaranta in sun sauka, sai kuma maganar da ake ta yi a gida wai yaran da suka tashi a Turai ba tarbiyya, ba sa jin Hausa, iyayensu kuma sun ƙi kawo su ko biki ko ta'aziyya. Wallahi ban ji haushi ba, kin kyauta da kika tambaye ni kai tsaye.

Bara in fara da makaranta. A nan Manchesta da ma Ingila gaba ɗaya ba a neman makaranta kafin a samu gida, adireshi shi ne komai. Makarantar gwamnati kyauta ce, ba kuɗin zango ba kuɗin jarabawa, yunifom ne naka da takalmi da jaka, amma fa ba hedimasta za ka je ka samu ka roƙa ba, kuma ba wanda zai yi maka hanya don ya san wani, fom ake cikawa ta kansul, wato ƙaramar hukumarsu, su nemi takardar hayar gida su duba nisan ƙofarka da makarantar. Masu shiga firamare a watan Satumba ana rufe karɓar fom ɗinsu 15 ga Janairu, amsa ta fito tsakiyar Afrilu, na sakandare kuma 31 ga Oktoba ake rufewa amsa ta fito farkon Maris. Wanda ya sauka a tsakiyar shekara kamar su, inda aka samu gurbi nan za a ba shi, kuma yana faruwa sosai a raba wa da ƙani makaranta daban daban, uwa ta kai wannan ta ruga ta kama bas ta kai wancan cikin ruwan sama. Ki faɗa mata kar ta ƙi karɓar wadda aka ba ta don ba ita take so ba, ta karɓa sannan ta sa sunan yaron a layin jira na wadda take so.

Aji kuma da ranar haihuwa ake bayarwa ba da ƙoƙari ba. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta ajinsu ɗaya, yaro yana shiga ajin share fage a Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara 4, firamare aji 1 zuwa 6, sakandare su kan ci gaba da ƙirga ne 7 zuwa 11. Don haka babban yaron nata da aka tsallakar da shi aji a Kano za a mayar da shi cikin sa'o'insa, kar ranta ya ɓaci, ba raini ba ne. Ba a maimaita aji, kuma ba za ta ga na ɗaya ko na biyu a takardar sakamako ba, sai dai a kira iyaye su zauna da malama ta faɗa musu inda yaro yake da ƙarfi da inda yake baya. Waɗanda nake tausaya wa su ne masu zuwa da ɗan shekara 14 ko 15, saboda karatun jarabawar GCSE, wato ta kammala sakandare, shekara biyu ne a jere daga aji 10, in ka faɗo tsakiya sai ka sha wuya. Alhamdulillahi nata duk ba su kai nan ba.

To yanzu maganar ƙin zuwa biki. Yaya ba girman kai ba ne wallahi. A nan in yaro ya yi fashin kwana 5 ba tare da izinin makaranta ba ana iya cin tarar iyaye, tun Agustan 2024 tarar fam 80 ce in ka biya cikin kwana 21, in ka wuce ta koma 160, kuma kan kowane yaro ne kan kowane mahaifi, uwa nata uba nasa, in abin ya maimaitu har kotu ana zuwa. Hedimasta ba ya ɗaukar bikin ƙanwar uwa a matsayin uzuri. Babban hutu sati shida ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin kuma kowa ke tafiya tikitin jirgi ya yi tsadar da mai yara huɗu sai ya tara kuɗin shekara. Ranar sallah kam ana ba yaro izini in ka sanar, galibi kwana ɗaya, washegari ya koma aji da lallensa in mace ce. Shi ya sa kike ganin uwa ta zo ita kaɗai ta yi kwana goma ta juya.

Batun duka shi ne wanda na fi so ki fahimta don nan ne sababbin zuwa suke faɗawa matsala. An hana bulala a makarantun gwamnati tun 1986. Dukan da iyaye ke yi wa yaro a cikin gida kuma, Scotland ta haramta shi kwata kwata a 2020, Wales ta bi a 2022, a Ingila da saura ɗan sassauci a doka amma duk dukan da ya bar shaida a jiki laifi ne. Malamai an horar da su su lura, in yaro ya zo da tabo ko ya ce an zane shi da waya dole su kai rahoto, daga nan ma'aikatan kula da yara su ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ba kamar yadda ake faɗa a gida ba wai da ka taɓa yaro shikenan an ƙwace shi, sai abin ya yi tsanani kuma galibi sai da kotu ake raba yaro da iyaye, amma binciken kaɗai ya isa ya hana gida barci wata da watanni. Ni a ganina, kuma na daɗe ina kallon gidajenmu a nan, rashin bulala ba shi ke lalata yaro ba. Abin da babu a nan shi ne unguwa. A gida muna cewa ɗa na kowa ne kuma da gaske ne, maƙwabci zai tsawatar, kaka tana tsakar gida, malamin allo ya san uban kowa, ko mai shago ya ga yaro yana abin da bai dace ba zai kai ƙara. A nan kin rufe ƙofa daga ke sai mijinki, duk aikin da mutum ashirin suke yi wa yaro a Kano ya dawo kan mutum biyu waɗanda su ma aiki suke fita. Gidan da iyaye suka zauna suna magana da yaro suna sallah tare suna duba wayarsa za ki ga yaro mai hankali har ki yi mamaki, gidan da uba ke aikin dare uwa ke aikin rana aka bar wa talabijin da waya reno, to nan ne labarin da kuke ji yake fitowa.

Kuma wannan ne dalilin hoton da kika ce ana yawo da shi ana cewa an mallake maza, namiji na tura keken jariri ko yana wanke wanke. Ba 'yar aiki, ba yaron aike, gidan reno tsada kamar me. Makarantar firamare ana tashi wajen ƙarfe uku da kwata, ƙananan yara ba a sake su sai wanda aka rubuta sunansa ya zo da kansa, ba za ki tura ɗan shekara bakwai ya ɗauko ƙanwarsa ba, ba kuma za ki kulle su a gida ki leƙa kasuwa ba. In mijin bai sa hannu ba gidan ba zai tafi ba, ki ja kunnen surukin naki tun yanzu.

Wani abu ƙarami amma yana rikita yara, mu mun koya musu sunkuyar da kai in babba na magana, malama kuma a nan in yaro bai kalli idonta ba sai ta ɗauka yana ɓoye wani abu ko bai damu ba. Sai mu koya musu biyun, a makaranta ka kalli malama ka yi tambaya, a gida ka russuna ka gaida baƙo. In sun zo hutu suka kalle ku ido cikin ido suna tambayar me ya sa, dan Allah ku yi musu uzuri, abin da ake yaba musu a kai ne kullum a aji.

Addini Alhamdulillahi ba a hana kowa. Masallatai sun cika unguwannin Cheetham Hill da Longsight da Rusholme a nan Manchesta, sallar idi har a filin Platt Fields ana yi, yarinya ta sa hijabinta kalar yunifom a yawancin makarantu. Islamiyya da yamma ce wajen biyar zuwa bakwai ko Asabar da Lahadi, kuma biya ake. Sai dai yawancinsu na 'yan Pakistan ne da Bangladash da Larabawa da Somaliyawa, ba allo ba tawada, da Ƙa'ida ake farawa kuma Hafsu ake karantawa, wanda ya fara da Warshu a gida sai ya ɗan rikice da farko, sannan da yawansu Hanafiyya ne, yaro zai dawo yana tambaya me ya sa sallar Baba ta bambanta da ta malam. Shi ya sa da yawanmu muke ƙarawa da malami daga gida ta WhatsApp ana biyansa duk wata, lokacin zafi agogonmu ɗaya da Najeriya, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna bayanku da awa ɗaya. Abincin makaranta kyauta ne ga ajin share fage da aji 1 da 2, amma ta tambaya ko naman halal ne don ba ko'ina ba, in ba shi ba ta zaɓa musu na ganye ko kifi ko ta zuba musu a kula, kuma ta koyi karanta bayan ledar alawa saboda akwai masu sinadarin alade. Darasin addinai iyaye na da damar cire yaro, haka ilimin jima'i a sakandare, amma darasin zamantakewa da iyali ya zama dole tun 2020 kuma a ciki ana maganar irin gidajen da addininmu bai yarda da su ba. Ba na ɓoye miki, wannan yana damunmu. Abin da muke yi shi ne mu nemi a nuna mana abin da za a koyar, mu riga malama yi wa yaro bayani a gida.

Hausa kuma gaskiyarku ce, tana zamewa. Yaro wata shida a makaranta ya fara mayar miki da amsa da Turanci, in kika biye masa shekara biyu sai dai ya ji ba ya iya mayarwa. Su malaman ma cewa suke a ci gaba da yi wa yaro harshen gida ba ya hana shi Turanci, mu iyaye ne muke gajiya. Gidajen da suka riƙe ta doka suka sa, in an shigo gida Hausa kawai, sannan kiran bidiyo da kaka duk sati. Nan ne nake roƙonku ku ma, in yaro ya kira ya yi Hausarsa ta karkace kar a fashe da dariya a kira mutanen gida su zo su ji, daga ranar ba zai ƙara buɗe baki ba.

Sauran rayuwa za ta koya da kanta. Sanyi da duhu ne za su fi ba ta wuya, a Disamba kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, azahar da la'asar duk suna samun yara a makaranta, a Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare. Kuɗin hita na cin albashi. Ta yi musu rajista da likitan unguwa a satin farko, ganin likita ba a biya amma an riga an biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 1,035 duk shekara ga babba, 776 ga yaro, kuma irin bizarsu ba ta ba su damar karɓar tallafin gwamnati, don haka masu cewa ana biyan mutum don ya haihu su daina lissafi da albashin surukinki. Suna muna yi, ranar bakwai a raɗa a gida ko masallaci, taron kuma a ɗaga zuwa Asabar a kama zaure kowa ta zo da kularta, wannan waina wannan tuwon shinkafa da miyar kuka. Layya ba a yanka a gida, ko ka ba mahauci oda ko ka turo kuɗi gida. In an yi rasuwa karo karo muke yi don kabari saye ake, kuma ba kullum ake samun binnewa a ranar ba sai takardu sun fito.

Ta taho da takardun haihuwar yaran na asali, da katin rigakafinsu, da sakamakon makarantarsu na ƙarshe. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da yaji ta cika jaka, amma kar ta sako kilishi ko dambun nama ko man shanu, an hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Rigunan sanyi kar ta saya a can, akwai na yarana da suka yi musu kaɗan na wanke na ajiye. Ki turo min ranar da za su sauka da unguwar da mijin ya kama haya in fara duba makarantun kusa da su. A gaida Inna da kyau, a gaida Yaya Alhaji.