Ta ina za a fara gayyar yashe kwata?

Malam, ka tambaya yadda za ku tara matasa ku gyara layinku. Ku fara da mai unguwa da liman, a yi sanarwa a masallaci. Ku sa aikin ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli a Kano, tunda daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe kowa yana gida.

Amma fa kafin ku taɓa kwata, ku san inda sharar za ta. Sau nawa ake yaso laka da ledar fiya wata a jibge bakin titi, ruwan farko ya mayar da su ciki? Ku tuntuɓi REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, da wuri, ko ku yi karo-karo ku ɗauki mai kura. Shebur da manjagara kam, a ara wajen maƙwabta.