Amsa ga Malam: inda ƙungiyarku ta Marwa, a Kamaru, za ta nemi tallafi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ƙungiyarku tana raka marasa galihu kotu, asusu ya ƙare, ka tambaya ko kasafin kuɗin gwamnati yana da kasonku.

Kada ka sa rai a can. Dokar 14 ga Afrilu 2009 ta taimakon shari'a mai ƙara take agaza wa, ba ƙungiya ba. Kwamiti ne a kotu ke duba buƙatarsa, kuma sai ya kawo takardar shaidar talauci daga magajin gari. Ku riƙa taya mutanenku haɗa wannan takarda, domin da yawa ba su san da ita ba.

Matsayinku a doka na fi damuwa da shi. A dokar ƙungiyoyi ta 1990, ƙungiya mai rajista a ofishin perfe (shugaban mulki na yanki) kaɗai ba ta da ikon karɓar tallafin hukuma ko kyauta. Sai gwamnati ta amince da ku a matsayin ƙungiya mai amfanin jama'a, ko kun zama ONG (ƙungiya mai zaman kanta da ta sami amincewar gwamnati) bisa dokar 1999, bayan shekara 3 kuna aiki. Na ga ƙungiya mai ƙwazo ta rasa tallafi saboda rasidanta suna cikin leda, ruwan damina ya cinye tawadar. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Ku sayi littafin shiga da fita, ko sefa 500 aka kashe a rubuta.

Tun da Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025, masu neman tallafi sun yi yawa. Ku kusanci NRC, ƙungiyar agaji ta ƙasar Norway, wadda ke taimaka wa 'yan gudun hijira samun takardar haihuwa a yankinku, kuma ku riƙa duba sanarwar Tarayyar Turai ta ofishinta na Yawunde. Allah ya dafa muku.