Dodon koɗi ɗaya tal, ina ya samo 'ya'ya?

Tambaya: Ɗana ya tsinci wani ƙaton dodon koɗi, ya ajiye shi a roba mai ƙasa da laima. Watanni ke nan shi kaɗai ne a ciki. Kwatsam muka ga ƙwai a binne, yanzu har sun ƙyanƙyashe. Don Allah yaya aka yi haka ba namiji? Kuma ta ina ake bambanta macensu da namijinsu?

Amsa: Bari in fara da tambayarki ta biyu, domin ita ce za ta warware ta farkon. Kada ki wahalar da kanki neman mace ko namiji a cikinsu. Yawancin dodon koɗin tudu mata-maza ne. Gaɓa ɗaya ce a cikin jikinsa take samar da maniyyi da ƙwai duka, kuma kafar haihuwarsa tana gefen wuya na dama, dab da kai.

Duk da haka yana buƙatar aboki. Idan biyu suka haɗu, galibi da dare ko bayan ruwan sama, sukan ɗauki sa'o'i suna kewaya juna, suna taɓa ƙahonni, suna ɗan cizon juna, kafin su jera wuyansu. Kowanne zai ba ɗan'uwansa maniyyi, kowanne kuma zai tafi ya saka nasa ƙwan. A wajen babban dodon koɗin Afirka da masana ke kira Achatina fulica, idan girmansu ya bambanta, babban ne yakan tsaya a matsayin mace, domin ƙwai na cin jiki fiye da maniyyi.

To, ga inda amsarki take. Ba a take yake amfani da maniyyin da ya karɓa ba. Yana da wata 'yar jaka a ciki da yake adana shi, ya riƙa tsakura duk lokacin da yanayi ya yi masa daɗi. A wannan babban nau'in ajiyar kan kai shekara biyu. Don haka abin da na fi zato shi ne, tun kafin ɗanki ya tsince shi ya riga ya yi barbara, laimar da kuka ba shi ce ta sa ya saki ƙwai. Akwai dai masu iya haɗa nasu maniyyin da nasu ƙwan ba tare da kowa ba, kamar ƙananan na ruwa, Bulinus da Biomphalaria, waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Shi ya sa guda ɗaya ma kan cika kududdufi. Amma a manyan na tudu hakan ba kasafai yake faruwa ba.

Wasu nau'o'in, irin su na lambun Turai, suna da wata al'ada mai ban mamaki. Ana cikin zawarci sai ɗaya ya caka wa ɗaya wata siririyar kibiya ta alli, tsawonta kusan santimita 1. Babu maniyyi a jikinta, yauƙi ne kawai. Binciken Ronald Chase na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna cewa jikin mai karɓa yakan narkar da mafi yawan maniyyin da aka ba shi, shi kuwa yauƙin nan yana rage wannan asara, har rabon mai kibiyar na zama uban 'ya'ya ya ninka. A ganina wannan ya fi kama da wayo, ba soyayya ba. Manyan na Afirka ba su da kibiyar.

Karkatar ƙwanso ma tana da tasiri. Kusan dukkansu dama suke murɗawa. Wanda ya murɗa hagu, kafarsa ma tana hagu, ba za ta dace da ta sauran ba. A 2016 an tsinci irinsa a Landan, aka sa masa suna Jeremy, sai da Angus Davison na Jami'ar Nottingham ya yi cigiya a kafafen labarai kafin a samo masa abokai bahagwai. 'Ya'yan da aka samu kuwa duk dama suka murɗa.

Lokacin saka ƙwai, yakan tona rami da jikinsa, ya zuba, ya rufe, ya yi gaba abinsa. Na lambun Turai kan saka wajen 80, Achatina fulica ɗari zuwa ɗaruruwa, shi kuwa Archachatina marginata, wani babban nau'in na Afirka ta Yamma, 'yan kaɗan yake yi, amma manya. Bayan mako biyu zuwa huɗu 'ya'yan kan fito da ɗan ƙwansonsu mai laushi, har ana hango cikinsu. Abincinsu na farko ɓawon ƙwan da suka fito ne, saboda sinadarin kalsiyam, wani lokaci ma su cinye ƙwan da ya makara.

Ki sa ran zai sake sakawa, wataƙila sau da yawa, kuma 'ya'yan Achatina fulica kan balaga cikin kamar wata shida. Idan ba ki son su yawaita, ki riƙa tone ƙasar kina kwashe ƙwan. Kada kuma a sake su inda ba asalinsu ba. A 1966 wani yaro ya kai guda uku Miami ta Amurka daga Hawaii, kakarsa ta sake su a lambu. Bayan shekara bakwai an tattara sama da 18,000, kuma sai da aka shafe kusan shekara goma kafin a ga bayansu.