Keken da zai kai mutum aiki, ya kuma kai shi ƙauye

Maigida, jiya da ba ka nan wani malamin makaranta ya zo. Yana son keken tsere, irin mai lanƙwasasshen kai, wai zai riƙa zuwa aiki da shi, ran Asabar ya motsa jini, lokacin hutu kuma ya ɗaure kaya ya tafi garinsu. Bai taɓa hawan irinsa ba, kuɗinsa kuma na gwanjo ne. Ya ce in raka shi kasuwa. Me zan duba?

To, yaro, zauna. Da kun shiga kasuwa mai kaya zai ɗaga keke da yatsa biyu ya ce ku ji rashin nauyi, sannan ya fara ƙirga muku giya. Ka bar shi ya gama. Kai ka tsuguna ka dubi tsakanin taya da fok, wato ƙarafan da ke riƙe taya ta gefe biyu, gaba da baya. Nan ne maganar take. Keken tsere na da an ƙera shi ne don taya mai faɗin milimita 23 ko 25, sau da yawa babu wurin da ya fi haka. Irin wannan taya sai an cika ta da iska kamar fam 100, kuma a kan kwalta mai santsi take jin daɗi. Malamin nan ramuka zai bi, da yashin gefen titi inda 'yan adaidaita za su tura shi, da tsidau a hanyar ƙauye. Siririyar taya in ta daki bakin rami, rim ne ke cizon tiyub, ka ga huji biyu a jere. Ka nemo masa wanda zai ɗauki taya 32, ko aƙalla 28, kuma bayan an sa ta a sami sararin da ɗan yatsa zai kusa shiga, saboda laka. Da 32 iska fam 60 zuwa 70 ta ishe shi, bayansa ya huta, faci ya ragu. Gudun da zai rasa bai kai abin da zai lura da shi ba.

Kana nan a tsugune, dubi ƙarshen bodi wajen da tayar baya ta ɗaure. Akwai 'yan ramukan noti masu zare? Su ne wurin ɗaura kariya da madigadi. In babu, jakar littattafai a bayansa za ta zauna, ya isa aji riga jiƙe da gumi, kuma maganar tafiya gida da kaya ta mutu. Ƙirga sifok ɗin baya ma. Mai 32 ko 36 shi ke ɗaukar mutum da kayansa. Masu 20 ko 24 na 'yan tsere ne, ɗaya ya tsinke duk rim ya karkace.

Sai tsawo. Keken gwanjo ba a zaɓar masa girma, abin da kwantena ta kawo shi ke nan, shi ya sa mutane ke sayen wanda ya fi ƙarfinsu don ya yi musu kyau a ido. Mai tsayin santimita 170 zuwa 175 yawanci lamba 54 ce tasa, amma kamfani da kamfani suna bambanta, don haka ya hau. Ya tsaya ƙafa biyu a ƙasa, sandar sama a tsakanin ƙafafunsa, a sami rata kamar yatsu biyu. Ya zauna a sirdi ya ɗora diddige a feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ya kama birki ka ga ya miƙe hannu gaba ɗaya yana ɗaga wuya da ƙyar, keken ya yi masa tsawo, ko kan ya yi ƙasa da yawa. Sabon mahayi da wuya ya jure wannan, sati biyu zai jingine shi.

Giya kuwa, mafi yawan abin da za ka gani na kamfanin Shimano ne, kala-kala. Claris mai takwas a baya, Sora tara, Tiagra goma, 105 daga sha ɗaya zuwa sama, amma tsofaffin samfurinsu sukan gaza haka. Ni Claris ko Sora zan ce masa. Sarƙar takwas kauri gare ta, tana jure ƙurar hunturu, ita ce ke hawa kan mai shida da mai bakwai, kuma ana samunta ba sai an yi aike ba. Ta sha ɗaya siririya ce, ga tsada, in ta tsinke masa a ƙauye sai dai ya sa keken a mota. Abin da ya fi yawan giya amfani shi ne mafi sauƙinsu: haƙori 34 a ƙaramin faranti na gaba, 32 a babba na baya. A Kano ba zai cika buƙatarsa ba, ƙasar a shimfiɗe take, amma mai kaya a baya yana fuskantar iska, ko wanda garinsu ke wajen Jos, zai gode maka. Kuma ka gwada hannun birkin, tunda a irin waɗannan kekuna da shi ake sauya giya. Danna kowace giya sama da ƙasa. Wani lokaci tsohon giris ne ya daskare a ciki, wanki kawai yake so. In kuwa wani abu ya karye a ciki, kuɗin sabo zai cinye rangwamen da aka yi muku.

Bodin ƙarfe ya fi nauyi amma yana karɓar walda. Alminiyam babu laifi muddin bai tsage ba. Shafa yatsa a kowace mahaɗa, musamman ƙarƙashin wuyan keken. Fenti da ya tattare a wurin shaida ce an taɓa yin karo da shi. Bodin kabon, wanda ba ƙarfe ba ne ba alminiyam ba, na gwanjo kada ka bari ya saya, tsagarsa ba ta cika nunawa a waje. Kwance notin sandar sirdi ka ga tana motsi, don akwai waɗanda tsatsa ta haɗe su da bodi har abada. Birki na roba mai kama rim ya wadatar, sai dai ka tabbata bai hana babbar taya shiga ba. In disk ne, mai waya ya fi mana sauƙin gyara a kan mai aiki da mai.

Akwai abin da ke cin kuɗin mutane a banza. Tayar keken nan 700c ce, za ka ga an rubuta 622 a gefenta, kamar 32-622, wato girman rim a milimita. Ta babban keken dattawa, irin Raleigh da Phoenix, 635 ce, kuma duka biyun ana iya kiransu inci 28. Tsofaffin kekunan tsere masu inci 27 kuma 630 ne. Babu wadda ke hawa rim ɗin wata. Bawul ɗin ma siriri ne, injin mai faci na bakin titi ba ya kama shi sai da ɗan adafta. Don haka kada ya ƙarar da kuɗinsa kan keke kaɗai: ya rage na famfo, tiyub biyu, adafta, kwaɗo mai kyau, fitila gaba da baya da hular kwano.

Ku yi ciniki a kan sharaɗin za a kawo shi nan tukuna. Zan auna sarƙar, in juya boris in ji, sannan ya biya.