Tirelar Tafi-da-Gidanka a Lokacin Hunturu: Ta Ina Iska Ke Shigowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tirelar kwana irin wadda ake ja da mota, kuma a cikinta zan yi hunturun bana. Ko na kunna na'urar ɗumama ɗaki, sanyi na ratsa ƙafafuna, labule kuma na motsi alhali tagogi a rufe suke. Kuɗina ba su da yawa. Daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, nemo kafofin da iskar ke bi. Ranar da ake iska, ka rufe ƙofa da tagogi, ka kunna turaren tsinke, ka bi da shi gefen taga, bakin ƙofa da cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Duk inda hayaƙin ya kwanta ko ya yi rawa, yi wa wurin alama.

Sanyin ƙafa daga ƙasa yake zuwa, domin tirela a kan tayoyi take, iska na ratsa ƙarƙashinta dare da rana. Saboda haka aikin da ya fi kowane amfani shi ne kewaye ƙasan. Ka auna daga gefen tirelar zuwa ƙasa, ka yanka allon soso mai tauri, mai kaurin santimita 2.5 ko fiye, ka jera shi kewaye da ita, ka liƙe mahaɗai da salatif na alminiyam. Ka danne gindin allunan da katako ko bulo, in ba haka ba iskar farko za ta kwashe su. Ka bar allo ɗaya da za a iya cirewa don kaiwa ga bututun zubar da ruwa. Wasu kan tare da damin ciyawa saboda arha. Ba ma ba da wannan shawara, domin ciyawa na kama wuta da sauri, tana kuma tara ɓeraye.

Sai ramukan da bututu da wayoyin lantarki suka bi ta dandamalin ƙasa, waɗanda sau da yawa sun fi bututun faɗi. Cusa soson ƙarfe tukuna don hana ɓera, sannan ka fesa kumfar toshe kafa, irin wadda ba ta kumbura sosai. Mai kumbura da yawa tana iya tura bango mara kauri har ya lanƙwashe.

Tagogin yawancin tireloli gilashi ɗaya ne. Ka goge firam ɗin ya bushe sarai, ka manna salatif mai danƙo gaba da baya, ka shimfiɗa farar ledar taga a kai, ka hura mata na'urar busar da gashi har ta miƙe tsaf. Iskar da ta maƙale tsakanin leda da gilashi ita ce ke tare sanyin. Idan firam ɗin na da danshi ko ƙura, salatif zai saki cikin 'yan kwanaki. Amma tagar fita ta gaggawa, a bar ta yadda za ta buɗe nan take.

Ƙofa kuwa, ka rufe ta a kan takarda ka ja. Idan ta zare ba gardama, robar gefen ta mutu, sai a canza. Mafitar iska ta rufi yawanci inci 14 ce a kowane gefe, yankakken soso daidai faɗinta ya isa ya toshe ta.

Tambaya daga wata mai tirela: Na toshe ko'ina, ɗumi ya samu, amma kullum da safe ruwa na tsiyaya a gilashi, bayan katifa kuma ya fara fumfuna. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Hajiya, kin rufe danshi ne a ciki. Numfashi, girki da wanka duk tururi suke saki, kuma kilo ɗaya na gas ɗin girki na furofen da aka ƙona a risho yana fitar da ruwa sama da kilo ɗaya da rabi. Tururin yana taɓa wuri mai sanyi sai ya koma ruwa. Ki riƙa cire soson mafitar rufi ki buɗe ta kamar faɗin yatsa, ki kunna fanka lokacin girki, ki ja katifa daga jikin bango, ki bar ƙofofin kabad a buɗe. Wannan na ƙarshe yana kuma kai ɗumi ga bututun ruwa, waɗanda kan fashe idan ruwa ya daskare a digiri 0, saboda ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi 9 cikin ɗari.

Akwai abin da ya fi fumfuna tayar mana da hankali. Don Allah ki fita yau ki duba mafitar hayaƙin na'urar ɗumama ɗaki, da ta tukunyar dafa ruwa, da ta firji mai aiki da gas. Kada leda ko allon soso su rufe ko ɗaya, kada kuma hayaƙinsu ya riƙa shiga ƙarƙashin tirelar da aka kewaye. Iskar kabon monoksaid, gubar da ke cikin irin wannan hayaƙi, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Kada a ɗumama ɗaki da rishon girki, kuma a danna maɓallin na'urar gano wannan iska a ji ta yi ƙara kafin a kwanta.