Ƙwanƙwasar da ake ji cikin ramin zinare, aljanu ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Anka nike. Ƙanena yana haƙar zinare, shekaranjiya ya dawo gida jikinshi na rawa, wai suna ƙasan rami sunka ji ana ƙwanƙwasa daga cikin dutse, can kuma ya ji kamar ana kiran sunanshi, kanshi na juyawa. Abokan aikinshi sun ce masu wurin ne, ko fatalwar waɗanda rami ya taɓa ruftawa da su. Don Allah mi ne gaskiyar wanga abu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara tsarewa. Aljanu dai akwai su, sura guda gare su a Alƙur'ani, kuma mu nan mun tashi da labarin iskokin Dutsen Kwatarkwashi, to ba zan ce ƙanenki ƙarya yake ba, ya ji abin da ya ji. Amma ni da karatuna da aikina duk a kan ma'adinai suke, wallahi abu biyun nan da kika faɗa sun fi tayar min da hankali fiye da fatalwa.

Dutse yana magana kafin ya faɗo. In aka rarake ƙasa aka cinye ginshiƙin da ke riƙe da sama saboda an ga zinare a jikinshi, nauyin sai ya koma kan abin da ya rage, dutsen ya fara tsagewa ta ciki kaɗan-kaɗan, itacen tokara ya yi ƙara, kuma a ƙasan rami ba a gane inda sauti ya fito shi ya sa mutum zai rantse wani ne ke buga guduma a bayan bango. Da damina abin ya fi yawa don ruwa ya jiƙa ƙasar. A zamanin da, masu haƙar kuza a Konwal ta Ingila suna da irin labarin nan sak, wasu ƙananan halittu da suke kira masu ƙwanƙwasa, har guntun abinci suke ajiye musu, kuma da yawansu sun ɗauki bugun a matsayin gargaɗi ne a fita. A Potosi ta Bolibiya har yau akwai gunkin El Tio, wato Kawu, cikin ramukan azurfa ana ba shi sigari da ganyen koka. Duk inda mutane ke shiga ƙasa neman abinci sai kin samu mai wurin.

Jirin da kiran sunan kuma, iska nake zargi. Oksijin a iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 ne cikin 100, a rami mai zurfi da ba mafita yana raguwa, gurɓatacciyar iska mai nauyi ta kwanta a ƙasa, ga hayaƙin injin jan ruwa ko janareto in an kunna shi a ciki ko a bakin ramin, gubar da ke cikinshi ba ta da wari ba ta da kala. Farko ciwon kai da jiri, sai ruɗewa, daga nan sai faɗuwa. Mutanen zamanin da masu shiga da fitilar aci-bal-bal sun fi mu sa'a ta nan, in oksijin ya ragu wutar za ta dushe su gane, tocila kuwa haskawa take ko mutum na mutuwa.

To ki faɗa mishi ya yi addu'arshi, amma ranar da ya sake jin bugun nan ko ƙasa ta fara zubo mishi a ka, ya fito take shi da kowa, kada a tsaya kwashe buhu. In wani ya faɗi a ƙasa kada a bi shi haka nan ba igiya ba a kaɗa iska ba, masu ceto da yawa a nan suke tafiya.

Akwai kuma abin da ke biyo mutum gida daga rami, ku mutanen Anka kun san shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ƙurar dutsen da ake daka a gidaje ce. Kada ya kawo dutse gida, ya yi wanka ya canza kaya can wurin aiki kafin ya ɗauki yaranki.